Yadda Ake Zaɓen Bilenda da Injin Kwaɓi, da Tsara Gyaran Kicin Daidai da Girkin Gida

Yawancin kuɗin da ake asara a kan kayan kicin tun kafin a shiga kasuwa ake asararsu, wato a lokacin da aka ƙudurta sayen abu don an gan shi a gidan wata ko a hoton waya, ba tare da an tambayi aikin da zai riƙa yi kullum ba. Kicin ɗin da ake tuƙa tuwo a cikinsa, a markaɗa wake, a tace kunun aya, a yi suya da manja, buƙatunsa sun sha bamban da na kicin ɗin da muke gani a hotunan Turai, kuma wutar lantarkin da muke samu ita ma tana da nata sharaɗi. Saboda haka, uwargida, tsarin da nake ba ki shawarar bi shi ne ki fara da girkin gidanki da wutar gidanki, daga nan ki zaɓi na'ura, sannan a gyara kicin ɗin yadda zai ɗauke ta. Idan aka juya wannan tsari, sai a gama ƙera kabad mai tsada a tarar babu inda za a ajiye bilenda kusa da soket.

Mataki na farko: rubuta abin da ake girkawa a gidan

Ki ɗauki takarda ki rubuta abincin da ake yi a gidanki cikin mako guda, da yawan bakin da ake ciyarwa, ki ƙara da abin da ake yi lokacin azumi da salla da taron suna. A gaban kowane abinci ki rubuta irin aikin da yake buƙata, domin ayyukan iri uku ne kuma kowanne da na'urar da ta dace da shi. Akwai markaɗen abu mai ruwa, kamar tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, da waken ƙosai da alala, da shinkafar waina, da waken suya na awara, da aya da gyaɗar kunu. Akwai niƙan busasshen abu, kamar citta da kanumfari da masoro da barkono, da busasshiyar kuɓewa da daddawa. Akwai kuma kwaɓi da bugu, na cincin da fanke da funkaso da burodi da kek. Wanda ya fi yawa a takardarki shi ne zai ci kaso mafi girma na kuɗinki, kuma a mafi yawan gidajenmu markaɗe mai ruwa ne ke kan gaba nesa ba kusa ba.

Niƙan hatsi mai yawa, na masara ko dawa ko gero, ki bar wa injin unguwa. Babu na'urar gida ta ɗorawa kan tebur da aka ƙera domin niƙa mudu biyar na dawa, kuma tilasta mata wannan aiki shi ne hanya mafi sauri ta ƙona ta.

Mataki na biyu: sanin wutar da za ta juya na'urar

Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, alhali shi ne ke yanke hukuncin ko na'urar za ta yi shekaru ko watanni. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a kan 50Hz, a Nijar kuma 220 ce, kusan ɗaya ke nan. Duk na'urar da za ki saya, ki juya ta ki karanta ɗan rubutun da ke manne a ƙasanta, ki tabbatar an rubuta 220-240V. Kayan da aka ƙera domin kasuwar Amurka bolt 120 suke amfani da shi, kuma suna shigowa da yawa cikin kayan gwanjo. Idan aka jona irinsu kai tsaye a soket ɗinmu, cikin ɗan lokaci ƙanƙane za a ji ƙauri, an gama ke nan. Wadda 'yar'uwa ta aiko mata da irin wannan na'ura dole ta sayi taransifoma mai rage wuta wadda ƙarfinta ya haura na na'urar sosai. Kayan da ake zuwa da su daga Dubai ko Ingila sun dace da wutarmu, filoginsu ma irin namu ne mai ƙafa uku masu kusurwa. Na Saudiyya da alhazai ke yo tsaraba a duba a ga ko an rubuta 50/60Hz, domin wutar can 60Hz ce. Na Indiya wutarsu ɗaya da tamu, sai dai filoginsu mai ƙafa zagayayyu ne, kuma ya fi kyau mai gyaran lantarki ya sauya shi da filogi mai fiyus a maimakon a riƙa cusa shi da ƙarfi a soket.

Sai batun wat, wato ma'aunin ƙarfin wutar da na'ura ke ja, wanda a kansa ake yawan yaudarar masu saye. Soket ɗin bango na gida yana ɗaukar amfiya 13 ne, kuma idan aka ninka 13 da 230 za a sami kusan wat 3,000, wanda shi ne iyakar abin da kowace na'ura mai irin wannan filogi za ta iya ja. Don haka idan kika ga bilenda an rubuta 6000W ko 8000W da manyan haruffa a jikin kwalinta, ki sani cewa wannan lambar talla ce kawai, kuma kada ki ƙara ko sisi saboda ita. Bilenda mai wat 350 zuwa 500 na gaskiya ta isa markaɗen kayan miya. Wadda za ta yi wake da aya da shinkafa a kai a kai tana buƙatar wat 750 zuwa 1,000, kuma sai mai sana'ar sayar da kunun aya ko awara ce ke da dalilin neman abin da ya haura haka.

Daga nan ki duba abin da ke riƙe gidan idan an ɗauke wuta. Ƙaramin janareta irin na shago ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, inbata kuma, wato na'urar da ke ba da wuta daga batir, mai 1kVA abin da take bayarwa wajen wat 800 ne, sannan kowane inji mai juyawa yana fizgar wuta fiye da ƙima a daidai lokacin da aka kunna shi. Gidan da ya dogara da irin waɗannan, bilenda mai wat 500 da za ta tashi ta fi masa amfani a kan mai 1,500 da za ta kashe janareta duk lokacin da aka taɓa ta. Idan kuma unguwarku tana fama da raunin wuta, har fanka takan juya da ƙyar da yamma, to ki sa sitabilaiza cikin lissafi, domin raunin wuta yana sa inji ya yi ta gurnani yana zafi ba tare da ya yi aikin ba. Game da kuɗin wuta kuwa, bilenda ba abar damuwa ba ce: mai wat 750 idan ta yi minti goma tana aiki, abin da ta ci bai wuce kashi ɗaya cikin takwas na yunit guda ba, alhali murhun lantarki mai wat 2,000 yana cin yunit biyu a awa ɗaya.

Mataki na uku: zaɓen bilenda

Na'urorin markaɗe da ke kasuwanninmu, daga Sabon Gari a Kano har manyan kantunan Abuja da Kaduna, sun kasu kusan gida huɗu. Akwai bilenda mai dogon kofi guda, wani lokaci da ɗan ƙaramin kofin niƙa yaji, irin ta Binatone ko Philips ko Kenwood. Akwai ƙirar Indiya mai kofunan ƙarfe uku, ɗaya babba na markaɗe mai ruwa, ɗaya matsakaici na busasshen niƙa, ɗaya ƙarami na ɗan abu kaɗan, irin waɗanda Panasonic da Preethi da Bajaj ke yi. Akwai babbar bilenda mai kofi lita biyu da sandar tura kaya, wadda masu sayar da lemo ke amfani da ita. Akwai kuma ta hannu mai kama da sanda, wadda ake tsomawa cikin tukunya.

A ganina, gidan da zai sayi guda ɗaya tak ya sayi ƙirar Indiya mai wat 750. Dalili shi ne an ƙera ta ne domin mutanen da girkinsu ya yi kama da namu, masu jiƙa shinkafa da wake su markaɗa su yi ƙullu mai kauri, masu niƙa busasshen kayan yaji kullum. Kofinta gajere ne mai faɗi, wuƙarta tana kusa da ƙasa, shi ya sa take iya laushe wake da ruwa kaɗan. Wannan kuwa shi ne abin da ke raba ƙosai mai kyau da marar kyau, domin bilenda mai rauni sai an yi ta ƙara mata ruwa kafin ta juya, ƙullun ya tsinke, ƙosan ya baje a kasko ya sha mai. Kofin ƙarfe ba ya fashewa idan ya faɗi, ba ya riƙe launin manja ko warin daddawa kamar na roba, illarsa kawai ita ce ba a ganin abin da ke ciki sai an buɗe, sannan ƙarar wannan na'ura ba kaɗan ba ce. Kofin gilashi yana da tsabta da kyan gani, amma a gidan da yara ke wanke-wanke ba ya daɗewa. Ta hannu kuwa ƙari ce mai amfani wajen dama fura da nono ko laushe miya a tukunya, sai dai ba ta isa ta riƙe gida ita kaɗai ba.

Idan kin je shago, kada ki yarda a miƙo miki kwali a rufe. Ki sa a buɗe, ki ɗaga gindin na'urar ki ji nauyinsa, domin injin da aka naɗe da wayar tagulla ya fi nauyi kuma ya fi jure zafi a kan wanda aka naɗe da alminiyam. Ki kifa kofin ki dubi ɗan zagayayyen abu mai haƙora da ke ƙarƙashinsa, wanda ke shiga cikin ɗan'uwansa na kan injin. Wannan shi ne abin da ya fi saurin cinyewa, kuma da gangan ake yin sa da roba domin ya karye kafin injin ya ƙone. Ki tambayi mai shagon ko ana samun sa a kasuwa, da zoben robar da ke hana yoyo, da wuƙa, da kofi. Idan ya fara kame-kame, ki nemi wata ƙirar. Ki juya wuƙar da yatsa a hankali: ya kamata ta juya sumul ba tare da girgiɗi ba. Ki duba ƙasan injin ko akwai ɗan maɓalli, galibi ja, wanda ke yanke wuta da kansa idan kaya sun yi wa injin yawa, domin wannan maɓalli ya ceci injuna masu yawa daga ƙonewa. Daga ƙarshe a zuba ruwa rabin kofi a kunna a gabanki, a gwada kowane mataki na gudu, ki duba ko ruwa na tsatsowa ta ƙasa, sannan ki karɓi rasit da takardar garanti mai ɗauke da kwanan wata da hatimin shago.

Yadda ake sarrafa ta a gida ma yana cikin zaɓen, domin na'ura mai kyau tana mutuwa a hannun da bai san ta ba. Ana fara zuba ruwa da abu mai laushi kamar tumatir, sannan mai tauri ya biyo baya, kuma kada kaya su wuce kashi biyu cikin uku na kofin. Aya a jiƙa ta ta kwana, dabino a cire ƙwallonsa, busasshiyar citta a farfasa ta a turmi tukuna. A kunna na minti ɗaya ko biyu a kashe a huta, a bi abin da takardar cikin kwali ta faɗa game da tsawon lokacin aiki. Kada a zuba tafasasshen abu a rufe a kunna, domin tururi yana cilla murfi ya watsa wa mutum a fuska da ƙirji. A bari ya huce tukuna. Wanke ta kuwa, a zuba ruwa da ɗigon sabulu a kunna na ɗan lokaci, a ɗauraye, a kife kofin ya bushe, kuma gindin injin ba ya shiga ruwa ko kaɗan, gogewa ake yi da tsumma.

Mataki na huɗu: injin kwaɓi, idan akwai buƙatarsa

Ba kowane gida ne ke buƙatar babban injin kwaɓi ba, ko da yake ya zama ruwan dare a jeren amare. Wadda ke yin kek jefi-jefi, ko take son buga ƙullun ƙosai ya tashi, ƙaramin na hannu mai wat 250 zuwa 400 ya ishe ta, kuma yana shiga durowa. Babban mai tsayawa da kansa, irin Kenwood Chef da aka fara fitarwa a Ingila a 1950 ko KitchenAid na Amurka, na wadda ke kwaɓa fulawa da yawa ne, mai yin cincin da donot da burodi na sayarwa ko na babban gida. Idan za ki saye shi, ki nemi mai kwano na ƙarfe lita 4 zuwa 5, wanda kansa ke juyawa yana kuma zagaya kwanon a lokaci guda domin kada ya bar gari a gefe, kuma ya zo da kawuna uku: mai lanƙwasa na kwaɓi mai tauri, mai faɗi na haɗa bota da sukari, da mai wayoyi na buga ƙwai. Ki tambaya ko giyar cikinsa, wato haƙoran da ke juya shi, ƙarfe ce, ki kuma karanta nauyin fulawar da aka yarda ya ɗauka a lokaci guda, domin wannan ya fi lambar wat faɗin gaskiya. Kwaɓi mai tauri a kan ƙaramin gudu ake yin sa, kuma injin da ke rawa yana tafiya a kan kanta lokacin kwaɓi alama ce ta cewa aikin ya fi ƙarfinsa. Ki auna tsayinsa idan an ɗaga kansa sama, ki rubuta, domin za ki buƙaci wannan awo a mataki na gaba.

Mataki na biyar: awo da tsarin ɗakin

Kafin a kira magini, a auna tsawo da faɗi da tsayin ɗakin, da wurin ƙofa da taga, da inda ruwa ke shigowa da inda yake fita, a zana a takarda. A haɗa da awon firji da murhu da duk na'urar da aka saya ko za a saya. Masu tsara gine-gine suna da wata tsohuwar ƙa'ida da aka inganta a Jami'ar Illinois ta Amurka a shekarun 1940, wadda ta ce wurin wanki da murhu da firji su zama kamar kusurwa uku, tazarar kowane biyu kada ta gaza mita 1.2 kuma kada ta wuce mita 2.7. Ƙa'ida ce mai amfani domin tana rage zirga-zirga, amma an yi ta ne domin mutum ɗaya mai girki a tsaye, mu kuwa kicin ɗinmu sau da yawa mutum biyu ko uku ne a ciki, ga sito da ake shiga ɗebo shinkafa da mai. Don haka ki ɗauki ƙofar sito a matsayin kusurwa ta huɗu, ki kuma bar fili tsakanin kanta da kanta, ko kanta da bango, wanda bai gaza mita 1.2 ba.

Ƙaramin ɗaki ya fi dacewa da kanta a bango ɗaya ko a bango biyu masu haɗuwa a kusurwa. Teburin tsakiya da ake yayi yanzu sai ɗaki mai faɗi sosai, in ba haka ba tare hanya kawai zai yi. Kicin da ke buɗe cikin falo ba tare da bango ba kuwa, ban ga dacewarsa da yawancin gidajenmu ba: ƙaurin suya da warin daddawa za su zauna a labule da kujeru, kuma uwargida ba za ta sake ba idan maigida yana da baƙi maza a falo. Wadda ke son haske da ganin yara tana iya yin ƙaramar taga mai murfi tsakanin kicin da wurin cin abinci.

Tsayin kanta da aka saba shi ne santimita 90, faɗinta 60, amma jikin mai girki ne ma'auni na gaskiya: ki tsaya ki lanƙwasa hannu, saman kanta ya kasance ƙasa da gwiwar hannunki da santimita 10 zuwa 15. Wurin murhu ya kamata ya fi haka sauka, domin idan aka ɗora doguwar tukunya a kan murhun tebur da ke kan kanta mai santimita 90, bakin tukunyar yana kai wa ƙirji, kuma tuƙin tuwo a haka yana gajiyar da kafaɗa yana kuma da hatsari. Ki sa a saukar da wannan ɓangare yadda saman murhun zai yi daidai da sauran kanta ko ya ɗan gaza, ko kuma ki ware wani lungu na murhun ƙasa mai kai ɗaya, inda za a zauna a kujera 'yar tsugunno a tuƙa. Kabad ɗin sama a bar santimita 50 zuwa 60 tsakaninsa da kanta, a gwada da awon injin kwaɓi da na bilenda da kofinta. Ki ware wa waɗannan na'urori wuri na dindindin tsakanin wurin wanki da murhu, domin na'urar da sai an hau kujera an sauko da ita ba a cika amfani da ita ba.

Idan gidan yana da fili, kada a rushe madafar waje. Can ne wurin turmi, wanda dakansa ke fasa tayil, can ne wurin gawayi da itace da babbar tukunyar biki da suyar naman layya. A yi mata rumfa da daɓen siminti da famfo, da wurin wanki na ƙasa mai ɗan bango kewaye, inda za a wanke tukunyar da ba ta shiga sinki.

Mataki na shida: kanta, kabad da daɓe

A saman kanta, dutsen giranit ne ya fi jure aikinmu, domin yana ɗaukar zafin tukunya, ba ya karcewa da sauƙi, kuma mai duhun launi ba ya nuna tabon manja. Mabul yana da kyau a ido, amma tsami yana cin sa, kuma lemon tsami da tsamiya da tumatir da zoɓo kullum suna kicin ɗinmu. Wanda kuɗinsa bai kai giranit ba ya zuba kantar kankare a lulluɓe ta da manyan tayil masu santimita 60, domin a rage layukan haɗi inda datti ke maƙalewa; wannan aiki ne mai ƙarko, kuma gara ba ta da abin ci a cikinsa.

Kabad shi ne inda ake yawan cutuwa. Allon MDF garin katako ne da aka matse da gam aka rufe da leda mai sheƙi. Ranar da aka kafa shi babu abin da ya kai shi kyau, amma idan bututun ƙarƙashin sinki ya fara ɗiga, gefen allon yana kumbura kamar burodin da ya sha shayi, ledar ta ɗago, sukurorin hinji su saki, ƙofar ta rataye, kyankyasai kuma su sami gida. Don haka ƙarƙashin sinki da duk inda ruwa ke kaiwa a yi shi da alminiyam ko da filawud mai jure ruwa, ko a gina shi da bulo a sa masa ƙofa kawai, a bar MDF ko ɗan'uwansa HDF, wanda aka fi matsewa, ga kabad ɗin sama. Kabad ɗin ƙasa a ɗora shi a kan dakalin siminti mai tsayin santimita 10 domin ruwan wanke daɓe kada ya taɓa shi. Idan da katako za a yi, ya zama busasshe sosai kuma an shafe shi da maganin gara, domin ɗanyen katako yana tsukewa da hunturu ya kumbura da damina har ƙofofi su daina rufuwa. A ƙasa, manyan durowoyi sun fi kabad mai zurfi sauƙin ɗauko tukwane, kuma gara a kashe kuɗi a kan hinji da layin durowa masu kyau a rage a kan ado. Kantoci marasa ƙofa a rage su, saboda ƙurar hunturu.

Tayil ɗin ƙasa ya zama marar santsi, a karkata daɓen kaɗan zuwa ga magudana. Na bango kuwa mai santsi ya fi, domin sauƙin goge mai, kuma a bayan murhu a kai shi har sama. Masu saye a Kano suna samun irin waɗannan kaya a Ƙofar Ruwa da manyan shagunan tayil na cikin gari. A sayi ƙarin kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, domin launin da aka saya yau ba lallai a same shi bayan wata shida ba.

Mataki na bakwai: waya, ruwa, gas da iska

Duk waɗannan kafin tayil ake gama su. Soket ɗin kicin a ja musu layinsu daban daga akwatin rarraba wuta da wayar tagulla mai kauri 2.5mm², murhun lantarki ko oben kuma a ba shi nasa layin da waya mai kauri 6mm², firji ma da soket ɗinsa shi kaɗai. A tabbatar akwai wayar ƙasa, wato at, a kuma sa na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zuba a jikin ƙarfe ko mutum, mai 30mA, domin a kicin hannu a jiƙe yake kullum. A saman kanta a sa aƙalla soket biyu-biyu a wuri uku, santimita 15 zuwa 20 sama da kanta, nesa da sinki da kamar santimita 60, kuma kada a sa ko ɗaya a saman murhu. Idan gidan yana da inbata, a ware soket ɗaya a wurin bilenda a haɗa shi da ita, a yi masa alama.

Sinki ya zama na ƙarfe marar tsatsa, mai zurfi, da famfo mai dogon wuya. Bututun da ke ƙarƙashinsa dole ya kasance da lanƙwasar da ke riƙe ɗan ruwa, wadda ke hana wari da ƙwari dawowa daga kwata, kuma a bar wurin a buɗe yadda mai gyara zai kai hannu.

Tukunyar gas, ko mai kilo 6 ce ko mai 12.5, wurinta waje ne, a cikin kejin ƙarfe mai shan iska da inuwa, a tsaye, a shigo da gas ɗin ta bututun tagulla ko tiyo na gas na ainihi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru, shi ya sa rufe tukunya cikin kabad yake da matuƙar hatsari. Bayan an haɗa, a shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ne yake yoyo, kuma kada a taɓa gwadawa da ashana. A ajiye abin kashe gobara kusa da ƙofa, a kuma koya wa kowa a gidan cewa man da ya kama wuta ba a zuba masa ruwa, kashe murhu ake yi a rufe kaskon da murfi. Gawayi da janareta ba sa shiga rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsu yana kisa ba tare da an ji warinsa ba. Taga ta zama babba mai raga, da wata ƙofar iska a bangon da ke fuskantarta, da fankar zuƙe hayaƙi a sama kusa da murhu. Idan za a sa rumfar zuƙe hayaƙi, a bar santimita 65 zuwa 75 tsakaninta da murhun gas, kuma bututunta ya fita waje.

Mataki na takwas: ma'aikata, lokaci da biya

Jerin aikin shi ne rushe abin da za a rushe, sai famfo da wayarin da bututun gas, sai filasta, sai tayil, sai kabad, sai saman kanta, sai fenti da ɗaura fitilu. Kafinta ya ɗauki awonsa na ƙarshe bayan an gama tayil, mai yanka giranit kuma bayan an kafa kabad, domin bangon gini ba ya cika miƙewa yadda zane ya nuna. Kafin a rufe bango, a ɗauki hoton inda wayoyi da bututu suka bi, saboda ranar da za a buga ƙusa. Wadda ke gidan haya ta sami yardar mai gida a rubuce, ta kuma fi karkata ga kabad da tebur da za a iya kwancewa a tafi da su.

A nemi farashi a rubuce daga mutum biyu ko uku, kayan aiki daban, ladan aiki daban, a je a ga aikin da kowannensu ya yi wanda ya shekara ana amfani da shi. A ware ƙarin kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari na kuɗin saboda abin da zai ɓullo idan an fasa bango. Aikin ya fi sauƙi da rani, kuma kada a fara shi ana saura mako biyu azumi, sannan a tanadi wurin girki na wucin gadi kafin a cire tsohon murhu. Biya kuwa kashi-kashi ake yi gwargwadon ci gaban aiki, a riƙe kason ƙarshe har sai an yi gwaji a gaban ma'aikatan: a cika sinki a saki ruwan gaba ɗaya a shimfiɗa takarda a ƙarƙashinsa a ga ko za ta jiƙe, a zuba bokitin ruwa a daɓe a ga ko zai bi magudana, a buɗe kowace ƙofa da durowa, a jona bilenda a kowane soket alhali firji yana aiki, a kuma sake shafa ruwan sabulu a mahaɗun gas. Duk abin da ya gaza a rubuta shi, a gyara, a sake gwadawa, sannan a cika kuɗin.